Darasin motsa jiki ya dawo manhaja, saura filin da yaran Dutse Uku za su yi gudu

A farkon watan Satumban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Dokta Tunji Alausa, ta fitar da jerin darussan sabuwar manhajar makarantun firamare da sakandare, wadda aka tsara ta fara aiki daga shekarar karatu ta 2025/2026. Hankalin jama'a ya fi karkata ga rage yawan darussa, da matsayin da aka ba tarihin Najeriya, da shigo da koyon sana'o'i. Akwai wani sauyi da bai samu irin wannan kulawa ba, alhali ya shafi jikin kowane yaro da ke shiga aji: darasin motsa jiki da kiwon lafiya ya fito da sunansa, a tsaye da ƙafarsa, cikin darussa tara zuwa goma da aka ware wa 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare.

Wanda ya san tarihin darasin zai gane nauyin wannan mataki. A manhajar da Majalisar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa, NERDC, ta yi wa kwaskwarima aka fara aiki da ita a Satumban 2014, an cusa motsa jiki cikin wani babban darasi guda tare da kimiyya da fasaha da ilimin kwamfuta. Manufar ita ce rage wa yara nauyi, amma a aikace sai motsa jiki ya zama ɗan rakiya. Malami ɗaya, littafi ɗaya, jarrabawa ɗaya, kuma idan lokaci ya ƙure, ɓangaren da ke buƙatar a fita waje shi ake fara jefarwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan da yaro zai iya haddace tsawo da faɗin filin ƙwallon ƙafa daga allo, ya rubuta a takardar jarrabawa, ya ci maki, ba tare da ya taɓa yin gudu a filin da makarantarsa ta mallaka ba.

Dawo da sunan darasin cikin jadawali abu ne mai kyau. Sai dai jadawali ba ya sa yaro gumi, kuma unguwa irin Dutse Uku da ke Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a Jihar Filato tana nuna nisan da ke tsakanin abin da aka rubuta a Abuja da abin da ke faruwa a cikin aji.

Sunan unguwar ya faɗi yanayinta. Gidaje ne da suka hau kan duwatsu suka cika tsakankaninsu, lunguna matsattsu, hanyoyi masu hawa da gangara, ga maƙwabtaka da Nasarawa Gwong da Unguwar Rukuba. Birnin Jos kansa yana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, abin da ya ba shi sanyin da babu irinsa a yawancin garuruwan Arewa. Ta fuskar yanayi, da wuya a samu garin da ya fi shi dacewa da yaro ya yi gudu da hantsi ba tare da rana ta gasa shi ba. A wannan birni aka haifi John Mikel Obi a 1987 da Ahmed Musa a 1992, waɗanda dukkansu suka zama kyaftin na Super Eagles, kuma ƙungiyar Plateau United ta ɗauki kofin gasar ƙwararru ta ƙasa a 2017. Jos ba ta rasa al'adar wasa ba. Abin da ke ƙaranci shi ne fili da lokaci ga ɗan shekara huɗu zuwa takwas, wanda bai kai a neme shi a wata ƙungiya ba, bai kuma kai a bar shi ya yi nisa da gida shi kaɗai ba.

Masana sun daɗe da fitar da ma'auni a kan wannan batu. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a 2019 sun ce yaro ɗan shekara uku zuwa huɗu yana buƙatar aƙalla minti 180 na motsi iri-iri a kowace rana, minti 60 daga ciki su kasance na motsin da ke sa numfashi ya ƙaru da zuciya ta ƙara bugawa, kuma kada a tsare shi wuri ɗaya fiye da sa'a guda a jere. Na 2020 kuma suka ce daga shekara biyar zuwa 17 ana son matsakaicin minti 60 a kullum na irin wannan motsi mai ƙarfi, tare da wasannin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla kwana uku a mako. A 2022 wata ƙungiyar masu bincike ta ƙasa da ƙasa ta ƙara da shawarar da ta shafi aji kai tsaye, cewa 'yan shekara biyar zuwa 11 a riƙa katse musu zama aƙalla sau ɗaya a kowane rabin sa'a.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan ranar yaro a birane irin Jos, lissafin ba ya fita. Ana shiga aji wajen ƙarfe takwas bayan taron safe, a tashi tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu. A tsakani akwai fita tara, wadda ba ta cika wuce rabin sa'a ba, kuma a cikinta ne yaro zai ci abin da aka ƙunso masa, ya bi layin mai awara ko mai ƙosai, ya zaga bayan gida. Makarantun kuɗi da yawa suna ƙara lesin bayan tashi, wanda iyaye ke biya daban. Yaron gidan Musulmi yana cire kayan boko ya sa na Islamiyya, ya sake zama har kusan magariba, wani ma yana da karatun dare. Na gidan Kirista shi ma lesin da aikin gida da hidimomin coci suna jiransa. Darasin motsa jiki, inda ake yinsa da gaske, sau ɗaya ne ko biyu a mako. Ko da an yi shi cikakke, minti 35 ko 40 sau biyu ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na minti 420 da ake so a mako ba. Ragowar dole ta fito daga wani wuri, kuma wurin da yaro ya fi daɗewa a cikinsa da rana shi ne aji. Bincike da aka yi a ƙasashe da dama da na'urorin auna motsi da ake ɗaura wa yara ya nuna kusan kashi biyu cikin uku na ranar makaranta a zaune take ƙarewa.

Akwai hujja mai ƙarfi da ake kawowa a nan, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Ana cewa wannan damuwar ƙasashen da suka ƙoshi ce. Yaron Dutse Uku da ƙafa yake zuwa makaranta, yana hawa dutse yana sauka, yana ɗibar ruwa, ana aikensa, wani ma yana talla. Wane ƙarin motsi yake nema? Gaskiya ne cewa tafiyar ƙafa ita ce abin da yaran Najeriya suka fi samun yabo a kai. A rahotannin auna motsin yara da matasa da masanan jami'o'in ƙasar nan suka fitar a shekarun baya, zuwa makaranta da ƙafa ya samu makin B, amma jimillar motsin jiki ta tsaya a C. Wani bincike da masana na Jami'ar Maiduguri suka buga a 2016 a kan ɗaliban sakandare fiye da 1,000 ya gano cewa kashi 37 cikin 100 ne kawai ke cika minti 60 ɗin a kullum. Waɗannan ba 'ya'yan Turai ba ne. A duniya baki ɗaya kuwa, nazarin da WHO ta jagoranta aka buga a 2019, wanda ya ƙunshi ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin 100 na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa samun isasshen motsi, 'yan mata kashi 85, maza kashi 78.

Bayan haka, ɗaukar jarka da talla wahala ce, kuma wahala ba ta koya wa yaro abin da wasa ke koya masa. Tsalle da ƙafa ɗaya, cafe abin da aka jefo, juyawa cikin gudu, daidaita jiki a kan abu siriri, duk ƙwarewa ce da ake samu a ƙuruciya ta hanyar maimaitawa, kuma yaron da bai same ta ba kafin ya kai shekara goma yakan guji wasa daga baya saboda kunya. Sannan tafiyar ƙafar ma tana raguwa. Iyayen da ke da hali suna haɗa kuɗi su ɗauki mai keke ya kai yara ya dawo da su, wani lokaci don nisa, sau da yawa don fargaba.

Fargabar tana da tushe. Rikicin da ya ɓarke a Jos ranar 17 ga Janairun 2010 daga Dutse Uku ya faro, a kan batun sake gina wani gida da aka lalata a tarzomar Nuwamban 2008. Tun daga rikicin Satumban 2001 birnin yake rarrabuwa, kowa na komawa inda yake ganin nasa sun fi yawa. An yi rubutu da yawa a kan abin da wannan rabuwa ta yi wa kasuwanci da siyasa da zumunci. Ba a cika duba abin da ta yi wa wasan yara ba. Filin da ke kan iyakar unguwanni biyu, wanda da can yaran kowane ɓangare ke haɗuwa a cikinsa, ya koma wurin da uwa ke gargaɗin ɗanta kada ya je. Mutane suka cunkushe a inda suke jin aminci, kowane ɗan sarari ya zama gida ko shago. Wasan dandali na dare, wanda a ƙasar Hausa shi ne makarantar motsa jiki ta asali, ba ya rayuwa a garin da ya saba da dokar hana fita. Yayin da unguwa ta daina ba yaro wurin gudu, nauyin ya koma kan makaranta, ko ta shirya ko ba ta shirya ba.

Makarantun kuwa iri biyu ne, kowanne da irin matsalarsa. Tsofaffin firamare na gwamnati galibi an gina su lokacin da ƙasa ke da araha, don haka suna da fili. Ciwonsu cunkoso ne. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, ɗaya ga 25 a ajin share fage, amma a biranen Arewa ajin da ya ninka wannan adadi ba abin mamaki ba ne. Malamar da ke riƙe da yara 70 ko 80 ba ta da makamin da ya wuce tsawa da bulala da umarnin kowa ya naɗe hannu ya yi shiru. Fitar da su waje da dawo da su kaɗai zai cinye rabin darasi. A irin wannan aji, motsi laifi ne, kuma manita yana tsaye da takarda yana rubuta sunayen masu surutu da masu tashi.

Ƙananan makarantun kuɗi da suka cika lunguna kuma suna da ƙarancin ɗalibai a aji, amma da yawansu gidajen zama ne aka mayar makaranta. Ɗakin kwana ya zama aji, tsakar gida da aka shafe da siminti ta zama wurin taron safe da wurin tara gaba ɗaya. Inda ɗalibai suka ƙaru, ba a faɗaɗa gefe saboda babu gefen, sai a ɗora bene. Mutanen Jos ba su manta da ranar 12 ga Yulin 2024 ba, lokacin da benen wata makarantar kuɗi a Busa Buji ya rufta ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Bayan wannan musiba an mai da hankali, kamar yadda ya dace, ga ingancin gini. Amma matsin da ke sa mai makaranta ɗora ajujuwa a kan ajujuwa shi ne dai matsin da ke hana shi barin fili, kuma duk binciken da zai tsaya a ƙarfin ginshiƙi bai tambayi inda yara ke wasa ba ya duba rabin matsalar ne.

Iyaye ma suna da hannu. Mai biyan kuɗin makaranta yana son ganin littafi cike da rubutu da aikin gida mai yawa, yana son 'yar shekara uku ta dawo tana ƙirga ɗaya zuwa ɗari da Turanci. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta fito fili ta ce hanyar koyarwa a matakin share fage ita ce wasa, amma makarantar da ta bi wannan da gaske tana iya rasa ɗalibai ga maƙwabciyarta da ke zaunar da 'yan nazare a kan benci suna kwafar allo. Kasuwa tana ba zama lada. Rigar makaranta da ta dawo da datti kuwa, a gidan da sabulu ya yi tsada kuma ruwa sai an saya, dalili ne na faɗa.

Akwai kuma wani abu da ake yi wa kallon ƙarami. A makarantu da yawa, lokacin da yaro ya fi motsa jikinsa da ƙarfi shi ne lokacin horo: tsallen kwaɗo, kamun kunne, zagaya fili da gudu saboda makara, da sauran gwale-gwale. Wanda bai gama aiki ba kuma a hana shi fita tara. Sakon da yaro ke ɗauka a bayyane yake, cewa gudu azaba ce, zama kuma alamar ɗa na gari. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi tun 2013 cewa kada a riƙa hana yara hutun tsakiyar karatu a matsayin hukunci ko don ƙarin darasi. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003, wadda Jihar Filato ta yi tata a 2005, ta amince da haƙƙin yaro na hutu da wasa, kamar yadda sashe na 31 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ya tanada. Da wuya a samu hedimastan da ke kallon fita tara a matsayin haƙƙi.

Babbar fargabar malamai da iyaye ita ce lokacin da aka ba motsi an ƙwace shi ne daga karatu. A nan binciken da aka yi ya ba da amsa, ko da yake ba irin amsar da masu zumuɗi ke so ba. A ƙasar Holan an bi yara kusan 500 a makarantu 12 na tsawon shekara biyu, ana koya wa wasunsu lissafi da harshe suna tsaye suna motsi, misali su yi tsalle adadin amsar da aka tambaya. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna sun zarce takwarorinsu da abin da ya kai karatun wata huɗu a lissafi da rubuta kalmomi daidai, amma ba a ga bambanci a karatun littafi ba. A Norway kuma, wani gwaji da ya ƙunshi makarantu 57 da yara fiye da 1,000 'yan shekara goma bai nuna ƙarin maki ga ɗaukacin yaran ba, sai ga waɗanda suka fi rauni a lissafi. Abin da za a iya dogara da shi daga waɗannan shi ne motsi ba ya rage karatu, wani lokaci yana ƙara shi, kuma ya fi amfanar yaron da ke baya. Ga ajin da yawancin yaransa ke fama da karanta jimla ɗaya, wannan ba ƙaramin labari ba ne. Duk wanda ya ce tsalle zai mai da daƙiƙi haziƙi ya wuce gona da iri, amma wanda ya ce zama ne ke kawo ilimi shi ma ba shi da hujja.

Wasu ƙasashen sun mayar da abin doka ko al'ada. A Finland an saba ba yara hutun kusan minti 15 bayan kowane darasi na minti 45. A Sikotland, shugabar wata firamare a garin Stirling, Elaine Wyllie, ta fara fitar da yara gudu ko sassarfa na minti 15 kowace rana a 2012, da kayan makarantarsu, ba tare da wani kayan wasa ba, tsarin da ya bazu zuwa dubban makarantu da sunan The Daily Mile. A China, hukumomin Beijing sun tsawaita hutun tsakanin darussa daga minti 10 zuwa 15 a 2024, bayan koke-koken cewa ana tsare yara a aji ko a lokacin hutu. Can damuwarsu har da ido: wani gwaji a birnin Guangzhou da aka buga a 2015 ya nuna ƙarin minti 40 a waje kowace ranar makaranta ya rage yawan yaran da suka kamu da matsalar rashin hangen nesa cikin shekara uku daga kusan kashi 40 cikin 100 zuwa kusan kashi 30.

Ba duk abin da ya yi aiki a Stirling ne zai yi a Dutse Uku ba. Makarantar da ƙofarta ke buɗewa a kan lungu mai gangara da kwata ba ta da inda za ta zagaya na minti 15. Abin da ya fi dacewa da irin wannan wuri shi ne wanda ba ya cin fili, kuma a nan al'adar gida ta riga masana. 'Yar gala-gala tana buƙatar gawayi ko alli da ɗan sarari kamar tabarma biyu, kuma tsalle ne da ƙafa ɗaya da ƙirga a haɗe. Langa, wadda har a gasar wasanni ta ƙasa ake yinta, ba ta buƙatar ƙwallo ko takalmi. Gaɗa da tafa-tafa da tsallen igiya suna ɗaukar 'yan mata da yawa a ƙaramin wuri, kuma su ne wasannin da uwa ba za ta ga baƙon abu a cikinsu ba. Wannan na da muhimmanci, domin inda fili ɗaya ne, maza manya ke mamaye shi da ƙwallo, 'yan mata da ƙanana su koma gindin bango. Makwabtan Hausawa a Jos, Afizere da Anaguta da Berom da sauransu, kowa na da nasa wasanni da raye-raye, kuma ajin da ya haɗa yaran kabilu daban-daban yana da taskar da babu littafin da ya tattara ta. A cikin aji kuwa, minti uku na miƙewa da tafi da taka ƙasa tsakanin darasi da darasi ba ya buƙatar a matsar da benci ko ɗaya. Malaman makarantun allo da Islamiyyu, waɗanda ke karɓar yaran bayan sun riga sun yi sa'a biyar ko shida a zaune, su ma maganar ta shafe su.

Sai dai Bahaushe ya ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma a nan ne shawarar da aka ɗauko daga waje ke iya yin tuntuɓe. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, na 2023 zuwa 2024 kuma ya nuna adadin ya kai kusan kashi 40. Jos tana da nata tarihin a wannan fanni. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ne Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi binciken da aka buga a 1999, wanda ya nuna cewa ciwon laushin ƙashi da ke sa ƙafafun yara su gwame ko su yi baka a wannan yanki ya fi alaƙa da ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci, ba rashin hasken rana ba. Tsalle yana ƙarfafa ƙashi, amma sai ƙashin ya samu abin ginawa. Shirin ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2016 ya tsaya a Janairun 2024 lokacin da aka dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a, kuma waɗannan azuzuwa su ne dai waɗanda sabuwar manhaja ke son su motsa. Malamin da ya san rabin ajinsa sun fito ba su karya kumallo ba yana da uzuri idan ya yi jinkirin sa su gudu. Haka nan a ƙasar da ta fi kowace yawan masu ciwon sikila, kuma a garin da sanyin hunturu da ƙura ke tayar da asma, dole malami ya san yaron da zai bari ya huta, ya sha ruwa, ko ya yi wasa mai sauƙi.

Wannan ya kawo batun malamin kansa. A ƙananan azuzuwan firamare malami ɗaya ne ke koyar da kusan komai, kuma ba lallai ba ne ya samu horo a kan yadda ake tafiyar da wasan yara 60 cikin tsari. Raba darasi a takarda ba ya haifar da malami. Jihar Filato tana da cibiyoyin horar da malamai a Gindiri da Pankshin, ga sashen ilimi na Jami'ar Jos, kuma Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha tana shirya wa malamai bita lokaci-lokaci da tallafin hukumar UBEC. Sanya katse zama da wasannin gida cikin irin wannan bita bai kai tsadar gina aji ɗaya ba. Abin da aka saba kashe wa kuɗi shi ne gasar wasannin shekara-shekara tsakanin gidajen makaranta, da riguna masu launi da fareti da manyan baƙi. Rana ɗaya ce a shekara, kuma yaran da suka riga suka iya gudu ne ke gudu, sauran suna tafi. Hukumar Wasanni ta Ƙasa da aka farfaɗo da ita a Oktoban 2024 ƙarƙashin Shehu Dikko tana maganar zaƙulo hazikai daga makarantu, wanda aiki ne mai kyau, amma zaƙulo gwani ɗaya daban yake da motsa yara 59 da suka rage a ajin.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce lambar yabo. Kusan ɗaya cikin uku na manyan Najeriya na fama da hawan jini, ciwon suga na ƙaruwa a birane, kuma ɗabi'ar zama ko ta motsi tun ƙuruciya take kafuwa. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da shirin WHO na rage rashin motsa jiki da kashi 15 cikin 100 nan da 2030.

Ikon aiwatarwa yana hannun jiha da ƙaramar hukuma. Ma'aikatar ilimi ta jiha ce ke ba makarantun kuɗi izini da sabunta shi, jami'anta ne ke zagayen duba makarantu, kuma suna iya tambayar tsawon lokacin tara da wurin wasa kamar yadda suke tambayar rajista da takardun malamai. Rufe duk makarantar da ba ta da fili zai jefa dubban yara kan titi a birnin da ajujuwan gwamnati suka riga suka cika, don haka hanyar da ta fi kusa ita ce a tsara yadda ƙananan makarantu za su riƙa amfani da filin firamaren gwamnati mafi kusa a ranaku da sa'o'i sanannu, da rakiyar malamai. A unguwannin da ke kan iyaka, hakan na nufin shugabannin al'umma na ɓangarorin biyu su zauna su amince da hanyar da yaran za su bi.

Wannan tsari kuwa ya dogara ne ga filayen su ci gaba da kasancewa. Duk lokacin da kuɗin UBEC da na jiha suka fito don rage cunkoso, wuri mafi sauƙi da ɗan kwangila zai kafa sabon ginin ajujuwa shi ne tsakiyar filin wasa, domin a share yake, a daidaice yake, babu dutsen da za a fasa, babu diyyar da za a biya. A Dutse Uku da maƙwabtanta, inda shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta fi komai wuya, filin da aka zuba wa harsashi ba ya dawowa.